Ganyen Wankan Jego a Bakin Kanal

Ni ba mai yawo ba ce, kowa ya sani. In ka ba ni kicin ɗina da rediyona da tagar da nake leƙen masu wucewa, to ka gama min komai. Amma likitana, wanda a nan ake ce wa GP, ya ce gwiwoyin nan sai ana taka su, jikata kuwa da ke jami'a, wadda take zaune a Fallowfield cikin gidan nan nasu na ɗalibai da tukunya ke kwana ba wanki, ta riƙe maganar kamar ita ce likitan. Wata Asabar ta zo ta sa ni a bas, ta sauke ni can gabashin gari, ta ce, "Kaka, nan ba mota, ba hayaƙi, just walk." Hanya ce siririya an shafe ta da kwalta, ciyawa dama da hagu, masu keke sai kaɗa mana ƙararrawa suke. Muna tafe muna hutawa sai ga wata tsohuwar gada ta yi baka a kan hanyar, ƙarƙashinta busasshe ƙayau. Na tsaya na kai hannu kusurwarta, sai yatsuna suka faɗa cikin wasu zane masu zurfi, sumul, irin wanda igiyar guga take yi wa bakin rijiya. Na ce, "Ke 'yar nan, kin san a kan ruwa kike tsaye?" Ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta ce, "Kaka, kin sha maganinki yau kuwa?"

To ba laifinta ba ne. Wanda ya zo yanzu ba zai san akwai lokacin da ruwa ya bi ta wurin ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da na sani tun ina iya tunawa.

Amarya aka kawo ni garin nan daga zangon Kumasi, ban san fari ban san baƙi ba. Gidajen lokacin a jere suke, kafaɗa da kafaɗa, duk jan bulo da hayaƙin kwal ya mai da shi baƙi. Banɗaki yana tsakar gida ta baya, wanka kuwa a bahon ƙarfe gaban murhu. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar kwalaben madara da safe, da jiniyar masaƙa, da muryar wani mutum mai doki da amalanke da yake bin layi yana kiran a kawo tsumma da tsohon ƙarfe, kiran da na daɗe ina zaton waƙar coci ce. Bayan layinmu akwai wani ruwa baƙi ƙirin da ake kira kanal. Ba ya gudu, ba ya ƙara, yana nan kwance kamar an manta da shi, da tsofaffin gadaje da tayoyi a ciki. Tun ranar da na iso maigida ya ce, "Ko ina kika ga dama ki je, amma ban da bakin ruwan nan." Ni da ban taɓa wuce kantin kan kwana ni kaɗai ba, ina ni ina bakin ruwa?

Abin da ya riƙe ni a garin nan Yaya ce. Ba ciki ɗaya muka fito ba, lungu ɗaya muka tashi a zango, ita ta goya ni ina jaririya. Ta riga ni zuwa, gidanta yana kallon nawa. Ita ta koya min hura kwal da takardar jarida, ita ta nuna min yadda ake tuƙa tuwo da garin semolina har ya yi kama da na gaske in ka rufe ido. Mace ce mai dariya, in ta ƙyalƙyale sai an ji a ƙarshen layi. In ta leƙo ta tarar ina kukan gida sai ta ce, "Ke, share majinar nan, ruwan garin nan ya ishe mu, ba sai kin ƙara ba."

Sai ga Yaya ta haihu tsakiyar hunturu, haihuwar fari, namiji. A asibiti sun kula da ita iyakar yinsu, amma da ta farfaɗo abin da aka miƙo mata shayi ne da gasasshen burodi. Shayi da burodi ga mai jego! Da aka dawo da ita gida sai na ga ba Yayar da na sani ba ce. Ta juya fuska bango. In na kai abinci yadda na ajiye haka zan ɗauke. Ruwan nono ya ƙi zuwa, yaro sai tsala kuka yake, nas mai zuwa duba su ta fara kawo madarar kwalba. Mijinta, bawan Allah mai haƙuri, sai ya tsaya bakin ƙofa da hula a hannu, ya rasa ta inda zai kama.

Ni na san abin da ke cin ta, don Innata ungozoma ce, a cikin wankan jego na girma. A gida mace ba ta haihuwa ta kwanta haka nan. Tun da sassafe an hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya, mu yara an kore mu yanko ganyen darbejiya. A ɗaure shi dami biyu, a tsoma cikin ruwan zafi, a dinga fyaɗa wa mai jego a baya da ciki da cinyoyi, fat, fat, fat, tururi na tashi, tana ihu ana yi mata tsiya. In an gama ga kunun kanwa, ga farfesu yaji ya ji, ga tsofaffi sun cika ɗaki da surutu. Yanzu likitoci sun ce zafin ya yi yawa, kanwar ma ta yi yawa, kuma ban musa ba, mun wuce gona da iri a wasu wuraren. 'Ya'yanmu na nan shawa suke shiga su fito, lafiyarsu ƙalau. Amma Inna takan ce ita ba jiki kaɗai take gasawa ba, so take yarinya ta ji a bayanta cewa akwai masu ita. Wannan ne Yaya ta rasa. Na zauna bakin gadonta ina lallashi, sai ta ce, ba ta ko juyo ba, "Na haihu kamar akuya a jeji. Ba uwa, ba ganye, ba mai cewa sannu. Haka zan zauna da ɗanyen jiki har in mutu." Ban san lokacin da na ce, "Wallahi Yaya, kafin suna sai na yi miki wanka da ganye, ko a ina yake a ƙasar nan."

Na rantse kafin in leƙa waje. Da na leƙa sai na ga babu ganye ko ɗaya. Hunturuna na fari ke nan, ban san itatuwan ƙasar nan tsirara suke zama da sanyi ba. Duk inda na duba sai ƙirare a tsaye. Na yi ta maza na wuce kantin kan kwana, na zaga bayan wani coci, sai ga wani daji-daji kore shar, ganyensa na sheƙi, da 'yan jajayen 'ya'ya. Na ce alhamdulillahi. Ganyen kuwa kowanne bakinsa ƙaya ce zagaye, amma na ce a raina, wane ganye ne ruwan zafi bai laƙwasa ba? Na sa safar maigida a hannu na sassaro da wuƙar kicin, na rungumo shi ina sosa wuya.

Ina tsakar gida ina cusa shi cikin bokiti sai na ji tari ta saman katanga. Maƙwabciyata ce ta baya, wata tsohuwar Baturiya gajera, hannuwanta kamar na maƙeri, ba haƙori ko ɗaya. Iya Mai-Jirgi muke ce mata, don an ce a cikin jirgin ruwa aka haife ta. Turancina na kasuwa ne, nata kuma na marar haƙori, saboda haka rabin hirarmu da baki ne rabi da hannu. Ta ce, "Kirsimeti ai ya wuce, love. Me za ki yi da wannan?" Ashe ganyen da suke ratayewa a ƙofa ne lokacin bikinsu. Na nuna gidan Yaya, na kwatanta jariri, na ɗaga reshe ɗaya na nuna yadda ake fyaɗawa a baya. Tsautsayi ya sa na fyaɗa wa kaina da gaske. Na daka tsalle. Iya ta yi dariya har ta riƙe katanga, ta yi tari, ta share ido, ta ce, "Matar nan me ta yi miki?" Da ta gane maganar sosai sai dariyar ta tsaya. Tana tauna dasashi ta ce, "Ganye mai laushi kike so, wanda ba ya zuba da sanyi. Na san inda yake, in yana nan. Je ki sa abu mai kauri."

Ta fito da wani tsohon keken jariri da take ɗaukar kwal a ciki, ta ba ni takalman marigayi mijinta, na zura su ƙarƙashin zani ina tafiya kamar agwagwa. Sai da na ga ta kutsa wani lungu tsakanin katangar masaƙa da wani shago na gane inda muka nufa. Maganar maigida ta faɗo min, fuskar Yaya ma ta faɗo min, na ce in ya dawo ma yi ta. Muna fitowa bakin ruwan na tsaya na yi sallama da ƙarfi, don tsofaffinmu sun ce ruwan da ba ya gudu yana da masu shi, ba a faɗa musu kai tsaye. Iya ta ce, "Wa kike gaisarwa?" Na ce masu gida. Ta gyaɗa kai, ko murmushi ba ta yi ba, ta ce su ma mutanen jirgi akwai wuraren da ba sa fito in sun zo wucewa.

A hanyar nan ta ba ni labarin ruwan, tana tura keke tana nuni da haɓa. Ta ce ba kogi ba ne, mutane ne suka haƙa shi da diga da shebur tun kafin a san jirgin ƙasa, don a kai wa masaƙu kwal a kwaso kaya. Jiragen dogaye ne sirara, doki ne yake jan su da igiya daga kan 'yar hanyar da muke takawa, igiyar ce ta ci kusurwar kowace gada. Iyali guda a ɗan ɗaki kamar akwati suke kwana suke girki, a nan ake haihuwa. Ba ta taɓa shiga makaranta ba, ni ma allo kawai na taɓa, sai muka dubi juna muka yi dariya. Muka zo wani wuri da ruwan ya shiga tsakanin bango biyu, da manyan ƙyamaren katako sun ruɓe. Ta ce a nan jirgi yake hawa tudu. Na ce, "Iya, ji tsoron Allah. Ruwa ya hau tudu?" Ta ce jirgi zai shiga, a rufe ƙofar baya, a sako ruwa daga sama, sai ya dinga tashi kamar ƙullin burodi har ya kai daidai da na gaba, a buɗe ya wuce. Ta juya ta jingina ɗuwawunta da wani ƙaton gungume ta nuna min yadda take tura ƙofar tun tana yarinya. Ta ce, "Kin ga abin da ya sa nawa ya baje."

Daga nan ta shiga jero hanya kamar yadda Inna take jero kasuwanni. Ta ce in ka bi ruwan nan ka hau duwatsu, a Marple zai tsallake wani kogi ta kan gada, ruwa a sama ruwa a ƙasa. Ka wuce garin masu saƙar siliki, ka isa wani rami da ya huda ƙarƙashin dutse, inda ruwan yake ja kamar manja. A nan ake kwance doki, yara su ja shi ta saman dutsen, manya kuma su kwanta rigingine a kan katako su dinga tura bango da ƙafa cikin duhu har su ɓullo. Sai garin masu tangaran, sai irin ƙyamaren nan na hawa tudu, matakala bayan matakala, sai Birmingham, inda hanyoyin ruwa suka cukurkuɗe kamar hanjin rago. Lokacin sunan garin kawai nake ji. Ban san wata rana Yaya za ta tattara ta koma Erdington, wata unguwa a can, ba, har in je in ga ruwan da idona yana ratsawa ƙarƙashin titunan nan da suka hau kan juna. Har yau in ta bugo waya na ce tsoron motorway, babban titin nan na gudu, ya hana ni zuwa, sai ta ce, "To ki biyo ruwa mana, matsoraciya, ai kin san hanya." Babban layin ruwan kam yanzu an yashe shi, jirage masu fenti suna yawon shaƙatawa, masaƙun sun zama flat masu gilashi, mutane na shan kofi inda muka riƙa tsallake mushen kare. Kyau kam ya yi kyau. Sai dai ba ka jin ƙarar komai sai ta masu gudu da abu toshe a kunne.

Mu ba babban layin muka ci gaba da bi ba. Wani reshe ne ya ɓalle ya yi kudu, shi muka bi, shi ne wanda aka binne yanzu. Tun lokacin an fara kashe shi. Ruwan ya ɗan yi gaba kaɗan sai ga shingen katako an rubuta wani abu da jan fenti. Na ce, "Iya, me aka rubuta?" Ta ce, "Ni da ke wa zai gaya wa wani?" Ta ɗaga wani katako da ya saki, muka cusa keken, muka bi bayansa. Can ciki wani wurin an cike shi da ɓaraguzan gidaje, wani wurin ruwa ya rage ya daskare kamar faranti. Ta ce da can akwai gidan mai kula da ruwan a gaba. Wata shekara ƙanƙara ta kama jirginsu a daidai nan tana da tsohon ciki, uwarta na can wani gari a wani jirgin. Matar gidan ce ta shigar da ita, ta karɓi haihuwar, ta yi mata wanka gaban murhu. Ita ce ta dasa itacen da muka fito nema a jikin bango don miya.

Muka sha kwana, babu gida. An rushe shi, sai tarin bulo da guntun bango ɗaya a tsaye. Iya ta tsaya ta riƙe keken tana kallon wurin. Ni kuwa na shiga lissafi cikin takalman mutane. Na yi rantsuwa, na saɓa wa maigida, na jawo tsohuwa cikin sanyi, ga shi zan koma wa Yaya hannu biyu. Sai na ce bari dai in zaga bayan guntun bangon, ko don in ɓoye hawayena. Ina zagawa na gan shi. An sare uwar itacen tun tuni, amma kututturen ya yi tofo, rassa sun fito cunkus sun fi ni tsawo, kore shar cikin wannan sanyin, ba ƙaya ko ɗaya. Na ƙwala wa Iya kira. Ta zo tana haki ta ce kada in taɓa tukuna, akwai mai kama da shi da yake da guba, sai an murza an sansana. Ta murza ɗaya ta kai min hanci. Jama'a! Ganyen nan ne da muke saye busasshe a kasuwa muna jefawa cikin dafa-dukar sallah. Ban taɓa ganin sa ɗanye a jikin uwarsa ba. Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba, tantabaru suka tashi fir daga kan ɓaraguzai. Wani mai gadi ya leƙo daga nesa yana tambayar me muke yi a nan. Iya ta ce, "Miya za mu yi wa unguwa gaba ɗaya. In kana so kawo kwanonka." Na yi bisimilla na yanka, ban yi haɗama ba, na bar masa na gobe, don wanka ba na rana ɗaya ba ne.

Kafin la'asar mun dawo. Iya ta hura wa babbar tukunyarta ta wanki wuta, na dinga jido ruwan a bokiti ina tsallaka titi, maƙwabta na leƙe ta labule. Na ajiye bahon ƙarfe gaban murhun Yaya, na sirka ruwan daidai yadda fata za ta ɗauka, na ɗaure ganyen dami biyu na tsoma. Iya ta karɓi yaron ta zauna kan kujera tana yi masa wata waƙa ta mutanen jirgi. Na hau sama na yaye bargon Yaya na ce ta taso. Ta ce in ƙyale ta. Wallahi ban san daga ina muryar ta fito ba, sai na ji bakina ya ce, "Tashi dalla! Ke kaɗai kika taɓa haihuwa a duniya?" Muryar Inna ce sak. Yaya ta juyo ta dube ni, karo na fari tun dawowarta, ta taso ba musu.

Na zaunar da ita kan 'yar kujera cikin bahon, na ɗago damin yana tururi, na sauke mata a gadon baya. Fat! Ta ce, "Wayyo Allah!" Na ce, "Da sauranki." Fat! Hannuna ya tuna abin da ban san ya iya ba, baya, kafaɗa, kwiɓi, cinya, in tsoma in ɗago. Ta yi kuka, kuka mai yawa, irin wanda ya daɗe yana neman hanya, na bar ta ta yi, ban fasa ba. Tagogi suka yi gumi, ɗakin ya cika da ƙamshi. Can sai na ji kukan ya canja. Kafaɗunta na rawa, ta ɗago tana sansana hannunta, ta ce, "Ke 'yar banza, wanka kike min ko dafa ni kike?"

Na naɗe ta cikin zannuwa na zaunar da ita gefen wuta ke nan sai muka ji an buɗe ƙofar waje. Mijinta ne ya dawo daga aiki. Ya tsaya a soro ya ja numfashi, ya ce cikin murna, "Kai, masha Allah! Yau dafa-duka aka yi mana?"

Dariyar Yaya ta fashe, irin wadda ake ji har ƙarshen layi. Ta ce, "Matarka aka dafa, Malam, saura nama! Maza ka koma ka samo kaza, yunwa nake ji kamar in ci bahon nan." Sai ta miƙa hannu biyu wajen Iya Mai-Jirgi ta ce, "Iya, ba ni mutumin nan. Ina jin abincinsa ya iso."